Ido Bai Kawo Ƙara Ba, In Ji Ku

Na san amsar da za ku ba ni tun kafin in rufe baki: "Malam, idona lafiya lau. Ina karanta lambar mota daga tsallaken titi, me zan je yi wurin likita? Neman kuɗi ne kawai irin nasu." To, sannunku da basira. Ku da kuka ajiye tabarau kuka koma wa gilashin nan mai laushi da ake ɗorawa a kan ƙwayar ido, kun yanke hukunci cewa zuwa ɗaya, ranar awo, ya wadatar har abada. Wasunku ma ko awon ba su yi ba. A Instagram suka gani, mai babur ya kawo har ƙofar gida.

Babbar hujjarku ita ce ba kwa jin ciwo. Matsalar, mai shaidar naku an riga an toshe masa baki. Fatar nan garai-garai da ke gaban baƙin ido tana cikin wuraren da suka fi saurin jin zafi a jikin mutum, shi ya sa ƙwayar yashi ɗaya ke sa ƙato hawaye. Amma in ta yi shekara da shekaru a ƙarƙashin gilashi, jin nata raguwa yake yi. Ga shi kuma ba ta da jijiyoyin jini, daga iska take shaƙar rabonta ta cikin hawaye. In gilashi ya matse ta ko ya daɗe a kanta, sai ƙananan jijiyoyi su fara rarrafowa daga gefe zuwa inda bai kamata a gan su ba. Duk wannan yana faruwa kuna ta karanta lambar mota.

Na ga wata Hajiya can ta taɓe baki. Hajiya, ga labarin wata 'yar shekara 67 a Ingila, wanda mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2017. Ta je asibitin Solihull, kusa da Birmingham, a cire mata yanar ido. Ana shirin aiki sai aka hango wani dunƙule mai shuɗi-shuɗi a ƙarƙashin fatar idonta. Da aka zaro shi, gilasai 17 ne suka manne wa juna. Aka sake leƙawa, aka ƙara samo 10. Guda 27 a ido ɗaya! Ta yi shekara 35 tana sa gilashin wata-wata, ba ta zuwa a duba ta a kai a kai, ɗan damuwar da take ji kuwa ta ɗora wa tsufa da bushewar ido. Dole aka ɗage aikin don gudun ƙwayoyin cuta. Duk ranar da gilashi ya ɓace miki, Hajiya, kika ce ya faɗi a ƙasa kika buɗe sabo, kin tabbata ƙasan ya faɗa?

Dubawar da kuke gudu ba wani abin tashin hankali ba ce. Za ku ɗora haɓa a kan wata na'ura mai siririyar fitila da madubin ƙara girma, likita ya ce ku ƙifta, ya ga ko gilashin yana ɗan motsi yadda hawaye zai ratsa ƙarƙashinsa. Sai a cire shi, a ɗiga wani rini ruwan ɗorawa, a haska shuɗiyar fitila: duk inda fatar ta kurje zai fito kore shar. Ya juya fatar ido ta sama, domin a nan ƙuraje ke fitowa in dattin gilashi ya daɗe yana gogar ta. A ƙarshe a sake awon gani. Galibi ana komawa mako ɗaya ko biyu bayan an fara sawa, daga nan aƙalla sau ɗaya a shekara, sai in likita ya ce ku riƙa zuwa da wuri.

A nan ne kuma ake tsare mutum da tambayoyin da ba ya so. Kuna kwana da shi? Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce barci da gilashi yana ninka haɗarin kamuwa da cuta sau 6 zuwa 8, kuma ba ta ware barcin rana ba. Da me kuke wankewa? Kada ku ce min ruwan leda mai tsabta ne. Akwai wata halitta, Acanthamoeba, da ke zaune a ruwan famfo da na rijiya da ƙasa, in ta samu shiga ido sai an yi watanni ana fama, wani lokaci har da dashe. Mu da muke taɓa ruwa sau biyar a rana don alwala, ga ƙurar hunturu, mu ya kamata mu fi kowa lura: a runtse ido wajen wanke fuska, a busar da hannu kafin a taɓa gilashi. Masu lasa da miyau kuwa, Allah ya shirye ku.

Amare, ban manta da ku ba. Gilashin kwalliya mai launin toka ko na zuma, wanda ba ya gyara gani, shi ma a kan fatar nan yake zama, kuma idanu ba girmansu ɗaya ba. Na ƙawa ba ya aruwa, ko da na yinin kamu ne kawai.

Ranar da ido ya yi ja, yana zafi, ba ya son haske, ko gani ya dushe, ku cire gilashin, ku nufi asibitin ido a ranar. Na san ku, cewa za ku yi afolo ne, ku aika yaro kemis. Wasu magungunan ɗigawar suna kwantar da jan ido, cutar kuwa su ƙara mata ƙarfi, alhali ƙwaya irin Pseudomonas tana iya cin fatar gaban baƙin ido cikin kwana biyu, ta bar hakiya. Ga Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna, ga asibitin ido na ECWA da na Makkah a Kano.

In za ku je dubawar shekara, ku je da gilashin a ido bayan ya yi 'yan sa'o'i, ku riƙo tabaranku da ruwan wankinku. Ku taho kuma da ɗan gidan da kuke ajiye shi, wanda ya kamata a sauya duk wata 3. Ban da tashi cikin dare a goge shi don kunyar likita, a yadda yake ake son ganinsa.