Yadda Injiniya Ya Yafe Bashin Gero Ba da Saninsa Ba

Duk manhajar da ke riƙe lissafi tana da fuska da kuma ciki. Fuskar ita ce allon da magatakarda yake cikewa da suna da adadi, cikin kuwa shi ne rumbun bayanai, wato wurin da ake jera abin da aka rubuta layi-layi domin a iya kiransa duk ranar da buƙata ta taso. Injin da ke tsaron wannan rumbu iri-iri ne: akwai SQLite, wanda Richard Hipp ya fitar a shekarar 2000, mai tattara komai cikin fayil guda ba tare da neman intanet ba, akwai MySQL, wanda ya fito daga Suwidin a 1995 ya kuma faɗa hannun kamfanin Oracle a 2010, akwai kuma PostgreSQL, wanda asalinsa aikin bincike ne a jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley. Masu rubuta manhaja, musamman waɗanda furoje ya biya, sukan koya wa manhaja ɗaya magana da injuna biyu don a san sun yi karatu, sa'an nan furojen ya ƙare, motar ta juya, a bar wa na baya gadon abin da ba wanda ya yi masa bayani.

Masana wannan fanni sun yarda cewa injin da aka daina amfani da shi ya kamata a cire shi, domin kowane gyara sai an yi shi sau biyu an gwada shi sau biyu, kuma rubutun da ya mutu aka ƙi binnewa yakan tashi a ranar da ba a gayyace shi ba. Hujjar da suka fi kawowa ita ce ta kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka, wanda a ranar 1 ga Agusta 2012 wani tsohon rubutu da aka daina amfani da shi tun 2003 ya farka a ɗaya daga cikin na'urorinsa takwas, ya yi ta saye da sayarwa na tsawon minti 45, har aka yi asarar kimanin dalar Amurka miliyan 440. Sukan kuma kawo misalin kamfanin GitLab, wanda ya cire MySQL daga manhajarsa a watan Yuli 2019, bayan ya duba ƙididdigar masu amfani da shi, ya sanar tun da wuri, ya kuma rubuta musu hanyar ƙaura zuwa PostgreSQL. Wannan ɓangare na ƙididdiga da sanarwa shi ne ɗalibai suka fi tsallakewa, don ba shi da daɗin karatu.

Ollelewa, yankin da labarinmu ya faru, ƙaramar hukuma ce ta karkara a gundumar Tanut, cikin ƙasar Damargu, a jihar Damagaram, kan hanyar da ta miƙe zuwa Agadas. A cikinta ne, kusa da Bakin Birji, aka buɗe matatar mai ta SORAZ a watan Nuwamba 2011, amma arzikin da kowa ya taso ya tarar a Damargu gero ne, wanda tun zamanin ayari ake ɗora wa raƙuma zuwa Azbin. Saboda ruwan yankin ba shi da alƙawari, ƙauyuka da yawa suna da rumbun tsimi, wato ma'ajiyar hatsi ta gama-kai wadda mambobi ke zuba wa hannun jari, a ba mabukaci gero da tiya a tsakiyar damina lokacin da tukunya ta fi yin shiru, ya biya da kaka tare da ɗan ƙari. Ba kowa ke biya ba. Akwai bashin da ya ga kaka uku ko huɗu, mai shi yana nan lafiya lau, yana ma zama a sahun gaba ranar taro.

Wani rumbun tsimi na wannan yanki ya gaji tsohuwar kwamfuta daga wani furoje, tare da farantin hasken rana da manhajar lissafi, kuma kula da ita ya faɗa kan wani matashi ɗan garin da ya yi karatun kwamfuta a Damagaram, wanda mutane suka naɗa wa sarautar Injiniya tun ranar da ya farfaɗo da wayar mai gari ta hanyar cire batirin ya mayar. Marubucin wannan maƙala ya san matashin sani na ƙwarai, domin hularsu ɗaya, takalminsu ɗaya, kuma ba a taɓa ganinsu a wuri biyu ba. Da Injiniya ya leƙa cikin manhajar a lokacin hunturu, sai ya tarar tana iya magana da SQLite da MySQL, alhali fayil ɗin saiti ya nuna ƙarara cewa da SQLite ake aiki, MySQL kuwa yana zaune yana cin wuri, yana sa kwamfutar nishi duk safiya kafin ta buɗe ido.

Adalci ya wajabta a faɗi cewa ya yi bincike. Ya je wurin shugaban kwamitin ya durƙusa ya ce, "Baba, ko akwai mai amfani da MySQL a cikinku?" Shugaban ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce, "Ɗana, ɗan wane gida ne?" Magatakarda ya rantse bai taɓa ganinsa ba, mai awo ya ce in dai ba ya cikin masu karɓar tiya to ba ruwansa da shi, ma'ajiya kuwa, dattijuwar da makullin rumbun ke ɗaure a haɓar zanenta, ta ce abin da aka tarar a ajiye a bar shi a ajiye, amma da yake ba ta yi boko ba, ba a sa maganarta cikin sakamakon binciken ba. Daga wannan ƙuri'a Injiniya ya fitar da hukunci na ilimi cewa masu amfani da injin sifiri ne. Ya sa na'ura ta nemo duk inda aka rubuta sunan MySQL ya goge, ya cire injin kansa, sa'an nan, domin aiki ya cika, ya share jakar da injin yake ajiye bayanansa a ciki. Kwamfutar ta koma buɗewa kafin a gama sallama, kuma aka yi watanni ana sa masa albarka.

Abin da binciken bai gano ba abu biyu ne. Na farko, wanda ya rubuta manhajar ya fara ta ne da MySQL, da ya koma SQLite kuma bai kwashe tsohon bashi da rajistar hannun jari ba, sai ya bar su a can ya haɗa su da wata ƴar hanya da ya raɗa wa suna da Faransanci, sunan da bai ƙunshi kalmar da Injiniya ya nema ba. Na biyu, maɓalli ɗaya ne tak yake bin wannan hanya, shi ne na rahoton taron shekara, wanda ake dannawa sau ɗaya bayan an gama girbi, kuma an tsara shi yadda in ya yi kira ba a amsa ba, ba zai yi ƙorafi ba, sai ya rubuta sifiri ya wuce. Wannan ɗabi'a ta haɗiye kuskure sananniya ce wurin masu rubuta manhaja, kuma ta fi kuskuren kansa haɗari, don kuskure mai ihu akan ji shi tun ana da sauran dabara. Manhajar manoma tana bin shekarar manoma ne, akwai sashenta da ke barci wata goma sha ɗaya, kuma wanda ya leƙa da hunturu ya ce ba a amfani da shi daidai yake da wanda ya ga hauya rataye da rani ya kai ta wurin maƙeri a narke.

Ranar taro aka shimfiɗa tabarmi, magatakarda ya danna maɓallin ya fara karantawa da muryar da yake ajiyewa domin irin wannan rana. Sunan farko, tsohon bashi sifiri. Na biyu, sifiri. Kafin a kai na goma an fara kabbara, wani dattijo da aka shekara huɗu ana aika masa yaro ya miƙe ya shaida wa jama'a cewa dama ya sha faɗa na'ura ba ta ƙarya, ya kama hannun Injiniya ya roƙa masa mata ta gari da kujerar Makka. Injiniya, wanda gumi ya fara keto masa duk da sanyin kaka, ya amsa da amin, domin ba a mayar da addu'a. Murnar ta kai har lokacin da magatakarda ya juya shafi zuwa hannun jari, inda aka ji cewa shugaba sifiri, liman sifiri, ƙungiyar mata da ta zuba buhunan farko sifiri, wato dai rumbun ga shi cike da gero amma ba na kowa ba ne. A nan ne dattijon da ya yi addu'a ya zauna a hankali, domin shi ma yana da jari.

Injiniya ya bayyana wa taron cewa ba abin tashin hankali, domin akwai Git, kundin da Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 wanda ke tuna duk canjin da aka yi wa rubutun manhaja, kuma cikin ɗan lokaci ya dawo da duk abin da ya goge na rubutu. Sai dai Git rubutun manhaja yake ajiyewa, ba ya ajiye sunan wanda ya ci tiya arba'in. Aka tuna akwai kwafin ajiya a ɗan abin da ake soka wa kwamfuta, aka aika gidan magatakarda aka ɗauko, aka tarar ɗansa ya daɗe da share shi ya cika shi da finafinan Kano da bidiyon kokowa. Littafin takarda na zamanin furoje kuwa gara ta fara shi daga baya, ta cinye daidai shekarun da ake gardama a kansu. Injiniya ya so ya rage zafi da labarin cewa a ranar 31 ga Janairu 2017 wani ma'aikacin GitLab ya share kusan gigabait 300 na bayanai bisa kuskure kuma ba a kore shi daga gari ba, amma shugaba ya tambaya ko mutanen can ma gero suke bin juna, maganar ta mutu.

Sai aka koma ga ƙwaƙwalwar jama'a, wadda ta nuna wata ƙa'ida da ta cancanci nazari: duk mai jari ya tuna abin da ya fi wanda ya zuba, duk mai bashi ya tuna abin da bai kai wanda ya karɓa ba, har jimillar jarin ta wuce abin da ginin zai iya ɗauka. Ma'ajiya ta bari aka gama, sa'an nan ta gyara zama ta fara kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, tana faɗin tiya nawa, a wace damina, da jakin wa aka ɗauka, da abin da mutum ya ce lokacin da yake roƙo, wanda shi ne sashen da ya fi saurin kawo amincewa. Ta dubi Injiniya ta ce, "Rubuta, ɗan nan, kuma wannan karon ka bar shi inda ka sa shi." Ya rubuta har bayan la'asar, yana cewa "To, Inna" a ƙarshen kowane suna.

Ta fuskar ilimi, aikin ya yi nasara, domin yau duk lissafin yana cikin SQLite, maɓallin taron shekara yana ihu in bai sami amsa ba, kuma akwai kwafin ajiya biyu, ɗaya ɗaure kusa da makulli a haɓar zanen ma'ajiya. Kwamitin dai bai gamsu da wannan bayani ba. Ya zartar, ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba, cewa a mayar da MySQL cikin kwamfutar yadda aka same shi, ko da ba komai a cikinsa, kuma kada Injiniya ya sake goge ko da ɗigo sai ma'ajiya tana zaune. An mayar da shi, kwamfutar ta koma nishinta na safe, dattijon nan kuwa ya biya rabin bashinsa ya ce sauran sai kaka mai zuwa.