Ƙirar Wuƙa a Tsakar Gida: Jagora ga Wanda Bai Gada Ba

Ƙirar sha'awa ita ce wadda mutum yake yi a gidansa bayan ya taso daga aiki ko ranar hutu, alhali ba da ita yake cin abinci ba, kuma ubansa bai taɓa riƙe masaba ba. Ƙira tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Labarin kafuwar Kano ma yana cewa maƙera ne, Abagayawa, suka taso daga Gaya suka sauka gindin Dala saboda tama. Amma wanda ake magana a kansa a nan malamin makaranta ne, ko ma'aikacin ofis, ko ɗan kasuwa, wanda ya kalli shirin Forged in Fire da aka fara nunawa a Amurka a 2015, ya ga ana ba mutum awa uku ya fitar da ruwan wuƙa, zuciyarsa ta raya masa shi ma zai iya. Zai iya ɗin, sai dai dukan ƙarfen da ya burge shi shi ne mafi ƙanƙantar aikin. Sauran duk wuta ce, da magagari, da mutane.

Mataki na farko shi ne samun ƙarfe. Ba kowane baƙin ƙarfe ne yake riƙe kaifi ba, sai mai isasshen sinadarin kabon. Sifirin ɗin mota yakan ƙunshi kusan kashi 0.6 cikin 100, tsohon magagari kuwa kusan kashi 1, shi ya sa maƙera suka daɗe suna neman waɗannan biyun. Rodin gini babu mai iya rantsuwa da abin da ke cikinsa. Wanda ya ƙera wuƙa da shi yakan gane haka ranar da ta lanƙwashe a kan ƙashin kaza. Ana samun sifirin a Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai. Abin lura shi ne sifirin ba ya barin jikin mota sai ya gaji, kuma gajiyarsa ƙananan tsagogi ne da ido ba ya gani. Suna nan kwance, ba sa bayyana ranar saye, ba sa bayyana ranar duka, sai bayan an gama gurza wuƙar ta yi kyau an nuna wa iyali. Saboda haka a sayi fiye da buƙata, a zaɓi wanda bai karye ba. Ƙarfen da aka lulluɓe da farin sinadari mai hana tsatsa, irin na bututun ruwa, kada ya shiga wuta sam, domin hayaƙinsa yana kwantar da mutum da zazzaɓi da ciwon ƙirji.

Mataki na biyu, uwar maƙera. Ta cikin bidiyo takan kai kilo 50 ko fiye, ga ƙaho ga fuska sumul. Ba a buƙatarta. Maƙeran gargajiya a zaune suke aiki a kan ƙaramin ƙarfe da aka kafa cikin gungume, da shi kuma suka ƙera garmar da ta ciyar da ƙasa. Kan babbar guduma da aka dasa a kututture ya wadatar. Guntun layin dogo ma yana yi, amma kayan gwamnati ne, kuma bayanin inda aka samo shi ya fi ƙirar wuya. Kututturen a ƙasa ake binne shi. Wanda ya ɗora shi a kan daɓen siminti a gidan haya zai yi hira mai tsawo da mai gidan a ƙarshen wata.

Mataki na uku, wuta. Gawayin kirya shi ne zaɓin maƙera saboda nauyinsa da daɗewarsa yana ci, ga shi itacen sai ƙara wuyar samu yake. Gawayin girki yana aiki, amma da tartsatsi, kuma yana ƙarewa da saurin da zai sa uwargida ta fara ƙirga buhu. A farfasa shi ƙanana kafin a zuba. Murhun rami ne kawai da bututu mai kawo iska ta gefe. Iskar ita ce matsala. Zugazugin fata yana son yaro mai zuga, yaron kuma zai yi minti goma da murna, sannan ya tuna yana da aikin makaranta. Na'urar busar da gashi tana hurawa da kyau har lokacin da za a ɗauke wuta, kuma akan ɗauke ta ne daidai sanda ƙarfe ya fara ja. Abin dogaro shi ne fankar hannu da ake juyawa da ƙafar keke, wadda masu walda suke haɗawa. Duk wannan a fili ko ƙarƙashin rumfa ake yi. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba marar wari, wadda take kashe mutum yana jin kamar barci ne ya kama shi.

Rumfar tana da wani amfani. Maƙeri da launi yake auna zafi, hasken rana kuwa yana ɓoye launi. Ƙarfen da ya yi ja sosai a inuwa, a tsakar rana baƙi yake bayyana, sai mai ƙira ya yi ta zuga har ya ga farin tartsatsi yana tashi daga tsinin wuƙarsa. Wannan tartsatsin shi ne tsinin, ya ƙone ke nan.

Mataki na huɗu shi ne duka, kuma kowa ya san da zafi-zafi ake dukan ƙarfe: daga ruwan lemo mai haske zuwa ja, wato tsakanin digiri 900 da 1,100 ko sama kaɗan. Da ja ya dushe a mayar wuta. Masaba mai kilo ɗaya ta isa, wadda ta fi haka gwiwar hannu ce take biyan kuɗinta. Duk lokacin da aka daki gefen kaifi, gefen yana miƙewa ya fi gadon baya tsawo, sai wuƙar ta lanƙwasa baya ta zama lauje mai kaifi a waje. Maganinsa shi ne a ɗan lanƙwasa ta gaba tun farko, ko a riƙa miƙar da ita da gudumar itace tana da zafi. Awartaki kuwa...

Awartaki zai jira, domin a daidai wannan lokacin ne sallama take fara shigowa. Ƙarar masaba tana kaiwa gida bakwai, kuma babu wanda zai ji ta ya zauna. Yara ne suke fara zuwa, su jeru a kan katanga, su kuma matso duk lokacin da aka juya baya. Sai maƙwabci ya leƙo: “Malam, sannu da aiki. Ashe ku maƙera ne?” Tambaya ce ta gaske, domin a nan ƙira gado ce, wanda ya shige ta da rana tsaka sai ya yi bayanin asalinsa. Kafin a gama bayanin ƙarfe ya huce. Bayansa sai masu shawara. Akwai mai cewa kakansa da ruwan gishiri yake tsoma wuƙa. Akwai mai cewa wutar ta yi yawa, da mai cewa ta yi kaɗan, sukan kuma zo tare. Akwai Alhajin da zai tsaya shiru har ya ga buhun gawayi da giranda da galan ɗin mai, sannan ya ce, “To Malam, wannan kuɗin ai zai sayi wuƙa ashirin a kasuwar Kurmi.” Gaskiya ya faɗa, shi ya sa maganar take da ciwo. Bayan mako guda kuma sai kaya su fara isowa: fartanyar da ta fita daga ƙota, gatarin da ya dakushe, murfin tukunya, ƙyauren kejin kaji, almakashin tela. Babu mai tambayar ko an iya. Ana saura kwana biyu Babbar Sallah kuwa, wuƙaƙen unguwar gaba ɗaya za su taru a zaure cikin buhu, kowace da saƙon “in ji Baba, a wasa masa kafin gobe,” kamar ba a san ba a fafe gora ranar tafiya ba. Mutum ya kafa maƙera don ya sami awa biyu shi kaɗai da tunaninsa, ya wayi gari yana aikin gayya shi ɗaya, ba ko kunu. Abin da ya fi dacewa shi ne a tura masu kayan wurin maƙeran kasuwa, waɗanda wannan ne abincinsu, sun kuma fi iyawa nesa ba kusa ba. Buƙata ɗaya ce ake ƙi kai tsaye ba tare da kwana-kwana ba: saurayin da ba a sani ba da ya zo neman doguwar wuƙa mai baki biyu. Unguwanni sun sha isasshen kuka a kan irin waɗannan.

Daga cikin masu leƙowa akwai mai tuna wa sabon maƙeri cewa wuta ba ta cin maƙera, ya kawo misalin wasan wutar da suke yi a gaban Sarkin Maƙera. Ko mene ne sirrin wannan, na masu gado ne. Wanda bai gada ba ya sani ƙarfe yana iya kai digiri 400 yana nan baƙi wuluk kamar mai sanyi, don haka duk abin da ke kusa da murhu da awartaki ake ɗaukarsa. Silifa ba takalmin maƙera ba ne, ɓawon ƙarfe ya san hanyar tsakanin yatsu. Rigar roba tana narkewa ta manne da fata, a sa ta auduga. Idan an ƙone, ruwa mai sanyi ake kwararawa har minti 20. Man goge baki da ɗanyen ƙwai da manja, waɗanda masu shawara za su rugo da su, babu abin da suke ƙarawa sai datti.

Mataki na biyar, ko na shida, gurza. A nan kwanaki suke tafiya. Kafin a fara, a ɗora wuƙar a wuta ta yi ja a bar ta ta huce a iska, sau uku, don ƙarfen ya saki wahalar duka. Magagari yana da jinkiri amma ba ya cin amana. Giranda tana juyawa wajen sau 11,000 a minti, tana cinye kuskure da abin da ba kuskure ba a lokaci guda. Masu cire mata murfin kariya, su kuma yi aiki ba tabarau, abin nasu ya wuce ganganci. Faifan yana fashewa, ido kuma ba a sayar da shi a Panteka. A bar kaurin bakin wuƙar ya kai milimita ɗaya, kada a fitar da kaifi tukuna, in ba haka ba zai murɗe a mataki na gaba.

Taurarawa ita ce ranar hukunci. Ana ɗumama wuƙar a hankali har maganaɗisu ya daina kama ta, wato digiri 770, a ƙara ɗan zafi kaɗan, sannan a tsoma ta cikin mai da sauri, tsini a gaba. A motsa ta sama da ƙasa, motsin gefe yana karkatar da ita. Ruwa ya cika gaggawa ga ƙarfen sifirin, kuma wanda ya gwada ya san ƙaramar ƙarar nan, “ƙas”, da ke fitowa daga bokiti ta tafi da aikin mako uku. Baƙin mai yana da hayaƙi mai guba. Man gyaɗa ko wani man girki mai ɗumi shi ya fi, wajen lita uku, a cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi saboda yakan kama da wuta. Lita uku na man gyaɗa magana ce da ake yi da uwargida tun da wuri, cikin ladabi, da kuɗi a hannu, kuma man ba ya komawa kicin. Idan magagari ya zame a kan bakin wuƙar bai ci ba, ta taurara.

A wannan halin tana da tauri amma tana iya fashewa in ta faɗi, don haka a ranar ake sassauta ta: digiri 200 na awa biyu, sau biyu, a cikin obin. Inda babu obin, tukunyar yashi da ake gasa kek tana yi, ko a goge wuƙar ta yi haske a ɗumama gadon bayanta ana kallon launi yana gangarowa. Ruwan zuma a bakin wuƙa shi ake nema. Shunayya ta soma wucewa. Shuɗi, wajen digiri 300, yana nufin kaifi ya yi laushi, sai a koma wurin maganaɗisu da man gyaɗa.

Hujin ƙusoshin mariƙi tun kafin taurarawa ake yin su. Wannan ya kamata ya zo can baya, kusa da mataki na biyar, amma a nan kowa yake tunawa da shi, bayan ya ƙone bakin abin huji uku a kan ƙarfen da ya taurara da hannunsa. Mafita ita ce a naɗe ruwan wuƙar da jiƙaƙƙen tsumma, a ɗumama wutsiyar kaɗai har ta wuce shuɗi, sannan a gwada. Mariƙin da busasshen itace ake yi, ɗanye yana tsukewa da hunturu ya tsage. Awartaki, da aka ce zai jira, a saya wurin maƙeri a huta.

Washi a dutse ake yi da ruwa, gefe da gefe, har sai an ji ɗan gashin ƙarfe ya tashi a ɗaya ɓangaren, sannan a goge a kan fata. Giranda ba ta kusantar kaifin da aka gama, zafinta yana warware duk abin da obin ya gyara. Ƙarfe mai kabon yana tsatsa, musamman da damina, kuma albasa da tumatir suna baƙanta shi, don haka a wanke a shanya a shafa mai bayan kowane aiki. Kube aikin dukawa ne. A kai musu wuƙar kanta su auna, domin wuƙar farko ba ta taɓa yin daidai da zanen da aka yi mata a takarda ba.