Jinjina ga Masu Sayar Mana da Taya

Duk wanda ya taɓa turo keke da hannu daga Kawo ko Unguwar Shanu zuwa cikin gari neman taya, ya san akwai bayin Allah da ba a gode musu yadda ya kamata. Su ne masu shagon da ba su taɓa cewa babu ba. Ka ce 28 kake so, kafin ka rufe baki an sauko maka da ita: “Ɗauki, Malam, daidai take. In ma ba ta zauna ba, mai faci zai zaunar da ita.” Ina aka taɓa ganin karamci irin wannan?

Masu neman fitina ne kawai ke cewa 28 iri biyu ce: ta tsohon keken iyayenmu irin su Raleigh da Phoenix, mai rim milimita 635, da ta kekunan gwanjo na Turai, mai 622. Har suna ƙarawa da cewa 27 ta fi wannan ta biyun faɗi, domin ita 630 ce, kuma 26 ɗin keken hawa dutse 559 ce, ta wani keken kuwa 590. Alhaji mai taya ya hutar da mu duk wannan lissafi. A wurinsa, in baƙa ce kuma zagayayya, magana ta ƙare.

Dubi kuma yadda yake raba arziki. Mai facin bakin titi zai shafa mata ruwan sabulu, ya sa ƙarfe biyu, ya taka da ƙafa, gumi na zuba, har wayar gefenta ta tsinke ko ƙarfen ya tsunkule tub. Ga kuɗin aiki, ga sabon tub, ga faci gobe da jibi. Da an sayar da daidai tun farko, wa zai ci wannan abinci? Ka koma shago da koke, sai a nuna maka ƙa’ida cikin fara’a: kaya in ya fita ba ya dawowa. Ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

’Yan Keke Napep ma ba a bar su a baya ba. Tasu 4.00-8 ce, ba ta da wuyar ganewa, don haka aka tausaya musu ta wata hanya: wadda ta yi shekara da shekaru a rana, an goge ta da baƙin mai tana sheƙi. In ta fashe a gadar Kawo da fasinja huɗu a ciki, sai a ce tsautsayi ne.

Kada mu manta da manyan da suka share wannan fage. Muna da itatuwan roba a Edo da Delta da Kuros Riba, amma aka zuba ido, rashin wuta da kwararowar tayar waje suka sa Michelin ta rufe masana’antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi sahu a Legas a 2008. Madalla da hangen nesa! Yanzu abin da kwantena ta kawo shi ne girman ƙafarmu. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, malamin firamare da mai tallan burodi da ɗalibi suka kakkaɓe tsofaffin kekunansu, sai suka tarar an tanadar musu wannan gata.

Roƙonmu ɗaya ne, Alhaji: a jikin taya akwai wata ’yar lamba, irin 40-635, wadda ke faɗin gaskiyar girmanta. Kada ka bari yaran shagonka su koyi karanta ta. Ranar da suka koya, talaka zai sayi taya sau ɗaya, ya isa wurin aikinsa da ƙafafunsa lafiya, kuɗin cefanensa na aljihu. Wa zai so a jawo wa kasuwa irin wannan asara?