Ni da Silin Motata

Kakata ce, Allah ya jiƙanta, ta ɗora ni a kan wannan hanya. Ina ɗan firamare rediyonta ya daina magana, na buɗe bayansa na gyara batir ɗin da aka sa a baibai, sai ga tashar Kaduna ta dawo. Daga ranar ta shelanta wa dangi cewa yaron nan yana da hannu. Na karɓi shaidar, ban kuma taɓa neman a sake bincike ba. Yau ga furfura a gemuna, aikina zaman ofis ne da biro, amma in na ga bakanike kwance a ƙarƙashin mota, kallon abokin sana'a nake masa, wanda dai Allah bai nufa da karatu ba.

Motata 'yar Kwatano ce, ƙirar ƙarshen shekarun 1990. Don sanyin Turai aka ƙera ta, can ta ci ƙuruciyarta, sannan ta hau jirgin ruwa ta zo ƙarasa tsufa a Kano, inda zafin Afrilu ke taɓa digiri 40, cikin motar da aka rufe a rana kuma ya haura 60. Inji lafiya lau. Silin ne ya gaji. Da fari ɗan kumburi ne a saman kujerar baya, yara na tsokanar sa da yatsa. Kafin damina ta wuce ya sauko ya yi ciki kamar gidan sauron da igiyarsa ta tsinke. In na shiga ya shafa min hula, in na sauke gilashi ya dinga kaɗawa, madubin tsakiya kuwa ba ya nuna komai sai yadi. Na soka masa fil ɗin ɗankwalin uwargida har ta fara zargin yara. Na kwaso na allon sanarwar ofis, masu kai ja da kore. Duk ramin da na faɗa sai ɗaya ya faɗo, kuma ba ya sauka ko'ina sai kujerar direba, tsini sama. Ga wani gari da ke zubo min a kafaɗar farar shadda, har wani abokin aiki ya tambaye ni a ina nake samun ɗorawa a wannan lokaci.

Da abin ya ishe ni na kai ta wurin wani dattijo mai ɗinkin kujerun mota a wajen Ƙofar Ruwa. Ya zura hannu ta gefe, ya ɗebo garin ya murza.

"Alhaji, yadinka da ransa. Soson ne ya mutu."

Ya ce silin hawa uku ne. Akwai allo mai kaurin kwali wanda aka matsa ya ɗauki siffar rufin, akwai soso siriri, sannan yadin da ido ke gani, wanda tun daga masana'anta yake manne da soson. Zafi da laima su ke cin soson har ya ruɓe ya koma gari, yadin ya rasa abin kamawa. Duk gam ɗin da aka shafa a haka, garin zai kama, ba allon ba. Magani ɗaya ne: a sauke allon, a kankare shi tas, a sa sabon yadi mai nasa soson, da gam mai jure zafi. Kuɗin da ya yanka bai kai na cika tanki ba, amma tun da aka cire tallafin mai a 2023, duk abin da na auna da tanki a maƙogwaro yake tsaya min. Ban da haka, bawan Allah ya gama koya min sana'ar kyauta bai sani ba. Na ce zan dawo. Ya ce, "Allah ya kai mu, Alhaji."

Da dare na kalli wani Bature a YouTube yana wannan aiki a garejin da ya fi falona tsafta. Ko gumi bai yi ba. Washegari na shiga Kantin Kwari. Yadi mai soso ban tsaya wahalar nemansa ba, don idona ya faɗa kan wani na labule ruwan toka mai ɗan sheƙi. Gam ɗin feshi irin na Baturen ya yi tsada, sai na sayi galan ɗin sholisho na masu gyaran takalma. Hujjata ƙwaƙƙwara ce: abin da ya riƙe tafin takalmin ɗan dako, ƙyalle ne zai gagare shi?

Ranar Asabar na fito da motar ƙofar gida. Akwai fili a ciki, amma aikin gwaninta ba a yin sa a ɓoye. Kafin na kwance makarin rana guda, majalisar mai shayi ta dawo wurina. Na cire mariƙan hannu, na cire fitilar silin, na zo kan robobin ginshiƙai, waɗanda wasu 'yan maƙalai na roba ke riƙe da su. Robar da ta sha rana fiye da shekara ashirin ba ta lanƙwasa. Kowace na taɓa sai ta ce ƙas. Ɗana na tsaye da langar uwarsa yana tara gutsattsarin, yana tambaya da babbar murya, "Baba, wannan ma haka ake cire ta?" Ina cikin harararsa allon ya sauka a kaina gaba ɗaya.

Nan na gano ya fi kowace ƙofa faɗi. Na kwantar da kujeru, na juya shi, na karkata shi, ya je ya maƙale tsakanin giya da sitiyari ya danne oda, ta dinga kuka har matan maƙwabta suka leƙo. Wani direban babbar mota ya ce a masana'antu da yawa ta gurbin gilashin gaba ake shigar da allon, tun kafin a sa gilashin. Na gode masa, na ce na san da haka. Sannan na ɗan lanƙwasa shi. Kaɗan fa. Jama'a suka yi salati.

Kankare soso da buroshin wanki ba abin labari ba ne, sai dai garin ya shiga hanci, ya shiga kunne, ya rina min gemu. Da iska ta taso da ƙura, na ja allon cikin zaure na rufe ƙofa ruf don kada aikina ya ɓaci. To, abin da ke sa sholisho ya zama ruwa sinadari ne mai tashi a iska, shi ne kuma yaran da suka lalace ke zuba wa tsumma suna shaƙa. Ina shafawa, ina shafawa, sai na ji duniya ta yi sauƙi. Karayar allon ma ta fara ba ni dariya. Ana haka limamin unguwa ya yi sallama ya turo ƙofa. Wari ya fara tarbar sa, sannan ya gan ni a zaune dirshan, tsumma a hannu, ido jajir, gemu ruwan ɗorawa.

"Malam, lafiya dai?"

"Lafiya sumul, Allah gafarta Malam! Yau ji nake ba abin da zai gagare ni."

Wa'azinsa na wannan makon a kan shaye-shaye ya yi shi, musamman na magidanta. Shi dai bai kalle ni ba. Sauran sahu ne suka yi masa aikin.

Irin wannan gam, shafa shi ake yi a ɓangarorin biyu, a bar shi ya sha iska ya yi danƙo, kuma rabi-rabi ake shimfiɗa yadin. Baturen ya faɗi wani abu mai kama da haka, a daidai wurin da na tura bidiyon gaba. Ni kwarara galan na yi a kan allon, na shimfiɗa labulen lokaci guda tun gam na ruwa. Da yake babu soson da zai tare, ya ɓullo ta fuskar yadin tabo-tabo. Na sa hannu in daidaita, yatsuna suka bar hatimi. Ramin fitila da ka na yanka shi, don haka silina ramuka biyu gare shi, ɗaya na fitila, ɗaya na shan iska. Na mayar da komai bayan isha'i, sukurorin da suka rage a langa kuwa na ɗauke su shaidar almubazzarancin Turawa. Uwargida ta leƙa da tocila ta ce, "Sannu da aiki, Malam," da muryar da take zuwa dubiya da ita.

Asabar ta gaba surukina ya aiko in kai shi ɗaurin aure Wudil, shi da aminansa biyu. Da sanyin safiya silin na nan daram. Ya ɗaga kai ya ce, "An yi gyara ke nan." Da na yi shiru da an wuce wurin. Sai na ji bakina ya ce, "Ai ni na yi da hannuna, Baba."

Can a Wudil motar ta kwana a rana, in ji masu iya magana, daga hantsi har bayan azahar. Da muka buɗe ta, dattawan suka shiga suna toshe hanci cikin mutunci. Ba mu yi nisa da gadar Wudil ba na faɗa wani rami. Kan Baba ya tashi ya taɓa silin, daidai wani tabon gam da zafi ya farfaɗo da shi. Kai ya dawo, hula ba ta dawo ba. Zanna bukar ce ɗinkin hannu, ga ta can tana reto, ga kuma sanƙon da tun da na auri 'yarsa ban taɓa sanin yana da shi ba. Ban san inda zan sa idona ba. Kafin in yanke shawara, nauyin hular ya fara jan yadin. A hankali ya ɓare daga gaba, ya bi ta kanmu, ya lulluɓe mu duka huɗun. Ina laluben birki, hannu ɗaya na ɗage labule daga fuskata, sai na ji ɗaya daga dattawan baya ta cikin ƙyalle yana cewa, "La'ilaha illallahu, tun ba a yi mana wanka ba?"

Baba bai ce uffan ba sai da ya ɓamɓaro hularsa, ya dube ta ciki da waje, ya mayar. Sannan ya ce, "Allah ya yi maka albarka. Amma in ka ji famfon gidana ya lalace, kada ka damu kanka, muna da mai gyara." Haka muka shigo Kano, dattawa uku kowa hannu a sama yana tallafe da silin, 'yan adaidaita sahu na rage gudu suna leƙe.

Litinin na koma Ƙofar Ruwa, ɗana na biye da ni. Dattijon ya zagaya motar bai yi magana ba. Kuɗi dai sun ninka, don allon ya tashi daga aiki, sai an nemo wani a wurin masu farfasa tsofaffin motoci, ga kuma maƙalan da za a saya. Yaron shagonsa ya leƙa ciki, ya shinshina, ya ce, "Alhaji, don Allah wane mugu ne ya yi maka wannan aikin?"

Ɗana ya buɗe baki, na taka masa ƙafa.

"Wani ne a unguwarmu," na ce. "Ana ta cewa yana da hannu."

Dattijon ya dubi farcena, inda sholisho bai gama fita ba, ya ce, "To Alhaji, kada ka ƙara ba shi mota."

Na ce in sha Allahu, sai dai mutumin akwai naci, yanzu ma na ji yana maganar fentin bamba.