Na Uku Kafin Na Ɗaya

Idan za a bi salsala, akun nan na Magana Jari Ce ne ya ɓata ni. Tun muna firamare a Sabiyal muke karanta littattafan nan uku na Abubakar Imam, waɗanda aka fara bugawa a Zariya a 1937. Duk inda ka buɗe sai ka tarar da labari da kansa da ƙafarsa, ko ka fara daga na uku babu abin da zai sha maka kai. Da wannan sabo na shiga kasuwar Jega bara, na sayar da albasa buhu huɗu, aljihu ya yi nauyi, hankali ya tafi kiwo.

Can gefen masu takalma na ga wani ya baza littattafan yaƙi irin na Kano, waɗanda su Abdul'aziz Sani Madakin Gini suka yi suna a kansu. Na ɗauki na wani marubuci da zan sakaya sunansa: ga ƙato da takobi a bango, ga lamba 3 a kusurwa.

Na ce, "Malam, ina na ɗaya?"

Ya ce, "Ya ƙare, Alhaji. Amma wanga shi ne tsokar labarin. Na ɗaya ai gaishe-gaishe ne."

Ni da ban taɓa wuce Sakkwato ba, da na ji an ce Alhaji sai na biya ban taya ba.

A fadama na karanta shi, injin ban ruwa na ta ruri, ban farga ba sai da albasata ta koma gonar shinkafa. A shafin ƙarshe wani tsuntsu mai girman rumbu ya haɗiye jarumin ɗungurungum, marubuci ya ce mu haɗu a littafi na huɗu. Ranar na kasa cin tuwo.

Uwargida ta ce, "Maigida, lafiya? Wa ya rasu?"

Na faɗi sunan jarumin. Ta ce, "Allah ya jiƙansa. Ɗan wane gida ne?"

Kasuwa ta zagayo na koma. Babu na huɗu, babu na biyu, sai na ɗaya da na biyar. Na kwashe. A na ɗaya na tarar da jariri mai sunan mamacin, na ce Allah sarki, maraya ne aka mayar wa sunan uba. Sai da na kai shafi na arba'in na gane cewa sunan mutumin da na yi wa makoki nake halarta. Na buɗe na biyar, sai ga shi da ransa, ido ɗaya babu, ya auri aljanar da ta yi rantsuwa a na uku sai ta sha jininsa, har sun haifi tagwaye. Ba wanda ya gaya mini yadda aka yi, balle a kawo mini goro.

Na kai ƙara majalisarmu ta gindin darbejiya. Wani dattijo ya ce, "Ka rabu da su, ɗana. Waɗannan littattafai bashin taki ne, ba su ƙarewa." Wani ya ce in nemi na biyu tukuna, don ba a hawan bishiya ta ganye. Ƙanena da ke jami'ar Aliero ya ce akwai masu karanta su a YouTube. Na sa data ta ɗari biyar. Mai karatun na cikin gaishe da masoyansa na Kano da Maraɗi da Agadas, bai kai ga tsuntsun ba, data ta ce ga garinku.

Na haƙura ke nan, sai wata safiya na sayi ƙosai, na ga sunan jarumin a takardar da aka ƙunsa mini, mai ya jiƙa rabinsa. Na koma da gudu. Ashe na huɗun ne Inna mai ƙosai take yaga tun daga baya, saura rabi. Ta dube ni ta gane ciwona, ta sa masa kuɗin sabo, da sharaɗin in ƙara ƙosan ɗari biyu.

Haƙurin isa gona ne ya gagare ni. Ina tafe ina karatu a kan kunya, jarumi na laluben hanya a cikin tsuntsu, ni kuwa na sami tawa hanyar cikin rijiyar ban ruwa. Aka ɗora ni a babur sai Aliero, garin da ake zuwa ɗori daga nesa.

Mai ɗori ya ce, "Garin yaya?" Na kwashe labari na faɗa masa. Yaronsa da ke riƙe da ƙafata ya washe baki ya ce, "Wanga littafi? Ai na sauke shi duka! Tsuntsun uwarsa ce, boka ya juyar da ita. Kuma a na takwas matar ce ke kashe shi."

Na ƙwala ihun da ya tayar da kajin gidan. Mai ɗori ya ce, "Haba, bawan Allah, ko taɓa ka ban yi ba tukuna."

Mako shida na yi a kwance. Ƙanena ya samo mini na biyu, na bi su a jere, har da rabin na huɗu mai ƙanshin ƙosai, sai ga labari ya zauna daram. Zan ci gaba har na takwas, don in ga ko matar tana da hujja.

Kai kuma mai karatu, in ka je saye, kada ka zaro kuɗi sai an jera maka su daga na ɗaya har na ƙarshe ka ƙirga kamar buhunan albasa. Ka karanta a zaune. In kuma tsautsayi ya kai ka Aliero, ka ce daga babur ka faɗo.