Madalla da Manyanmu na Mafara, Bakura da Maradun

Malam Aminu Kano, Allah ya jiƙansa, ya ƙare rayuwarsa yana nanata magana ɗaya. Tun daga kafa jam'iyyar NEPU a Kano a 1950 zuwa jam'iyyar PRP da ya jagoranta har ya rasu a 1983, ra'ayinsa bai sauya ba: talaucin talaka yana da masu shi, akwai waɗanda ke cin guminsa, kuma duk mulkin da bai rage ratar da ke tsakanin mai hali da marar hali ba zalunci ne ko da an naɗa masa rawani. Kaico, Malam bai yi tsawon rai ba. Da ya zo ya ga Talata Mafara da Bakura da Maradun a yau, da ya janye maganarsa, ya durƙusa ya nemi gafarar manyanmu.

A fara da jari-hujja, wadda Malam ya yi ta zargi. Mu nan alheri ta kawo mana, har gida. A 1974 kamfanin Impresit na ƙasar Italiya, ɗan gidan Fiat, ya fara gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, aka gama a 1978. Dubban mutanen ƙasar Maradun aka ɗauke wa wahalar zama a gidajen kakanninsu, ruwa ya shanye gonaki da kaburbura. Manoman da ke wurin da za a yi noman rani kuma aka ba su hutu: katafila ta shiga gonakinsu tana baje ƙasa, damina ta zo ta wuce ba su shuka ba, wata ta sake zuwa. Na ƙasan gulbi, masu shinkafar fadama da masunta, an raba su da ambaliyar da ke ciyar da su shekara da shekaru. Kamfani ya karɓi kuɗinsa. Wanda yunwa ta ci ƙarfinsa ya sayar da gonarsa ga mai hali, ya koma ɗan ƙodago a cikinta. Ina rabon arziki ya fi wannan tsari?

Da manoman nan suka rasa godiya, suka tare hanyoyin aiki suna neman diyya, gwamnatin NPN, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, ta amsa musu cikin hanzari. A watan Afrilu na 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka kai musu diyyar a bakin bindiga, aka ƙona ƙauyuka. Hukuma ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Mutanen yankin da masu bincike sun ce ɗaruruwa ne. Ko a lissafin gawa manyanmu masu tattali ne.

Sai Allah ya ba mu jihar Zamfara a 1996, kuma ya ƙara mana da abin da babu yankin da ya samu. Daga 1999 zuwa 2023, shekara 20 cikin 24, ɗanmu ne ke gidan gwamnati a Gusau. Bakura ta ba da Ahmad Sani Yarima, Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari, Maradun ta ba da Bello Matawalle. Ranku ya daɗe, sannunku da aiki.

A zamanin Yarima aka nuna wa duniya cewa kowa daidai yake a gaban shari'a. A watan Maris na 2000 aka yanke hannun wani mutumin Jangebe saboda satar saniya. Daga ranar har yau hannun babban mutum ko ɗaya bai taɓu ba, shaidar cewa ko kwabo bai taɓa ɓata daga baitulmalin Zamfara ba. Wace jiha ce ke da amintattu irin namu?

Yari kuwa ya haɗa mulki da malanta. Da sanƙarau ya yi ta kashe yara a 2017, bai ɓata lokacinsa kan allurar rigakafi da gadon asibiti ba, ya gano mana asalin cutar: zunubanmu ne. A 2018, da kashe-kashe suka yi yawa, ya fito ya ce ya ajiye matsayinsa na babban jami'in tsaron jiha, amma saboda tausayinmu ya ci gaba da riƙe kujerar gwamna. Bayan ya sauka a 2019 ya rubuta takarda yana tuna wa gwamnati naira miliyan 10 da doka ta yanka wa tsohon gwamna duk wata. A shekarar aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira dubu 30. Wato mutum ɗaya, a zaune, daidai da ma'aikata 333. Majalisar jiha ta yi rashin ta ido ta soke dokar, ta bar bawan Allah da abin da ya tara kawai.

Matawalle ya koya mana riƙon amana. Ya hau mulki a PDP bayan Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC a watan Mayun 2019, shekara biyu sai ga shi a APC ɗin, kusa da waɗanda ya gada. Manya ba sa gaba, magoya baya ne ke fasa wa juna kai. A 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe, a ƙaramar hukumar Talata Mafara. A Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura, a Satumba aka ɗebi ɗaliban makarantar Kaya a Maradun. Maganin da aka samo shi ne rufe layukan waya da kasuwannin mako, mai ƙosai da mai dako suka biya kuɗin tsaro da cikinsu.

Sakamako ya fito a rubuce. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2019 kusan kashi 74 cikin 100 na mutanen Zamfara suna ƙasa da layin talauci. Jihar da ke alfahari da noma, manominta yana biyan ɗan bindiga haraji kafin ya shuka, ya sake biya kafin ya girbe. Manyanmu kuma Allah bai tozarta su ba: Yarima ya yi shekara 12 a majalisar dattawa, Yari ya shiga ita a 2023, Matawalle ya zama minista a ma'aikatar tsaro, don ƙasa baki ɗaya ta amfana da ƙwarewar da ya nuna a gida.

Yabon ya ishe ni haka, domin yana ƙona min baki. Ɗan'uwa na Mafara, 'yar'uwa ta Bakura da Maradun, manyan nan za su dawo da taliya da sabulu da atamfa, kowa yana rantsuwa shi ne masoyin talaka. Idan sun tsaya a ƙofar gidanku, ku tambaye su mutum nawa aka kashe a Bakolori, kuma wa ke noma gonakin nan yanzu. Wanda bai ba ku amsa ba, kada ku ba shi ƙuri'a.