Faifan da ya fi kowa gudu, amma ya ƙi tashi

Ban musa ba, virtio ya fi IDE gudu, kuma dalilin a fili yake. IDE ɗin da QEMU ke bai wa kwamfutar da ke zaune cikin wata kwamfuta kwaikwayon wani tsohon guntun Intel ne na shekarun 1990, umarni ɗaya yake ɗauka, sai ya gama ya karɓi na biyu. SATA kan jera har 32. Shi kuwa virtio, wanda ya shiga Linux a 2008, ya yar da kwaikwayon baki ɗaya, yana miƙa buƙatunsa kai tsaye. A kunna manhajar gwajin gudu ta fio a gwada, lambobi za su faɗa. Ƙorafina shi ne jadawalin kwatancen bai ware gurbi ga abin da ke samun wanda ya gaskata shi da la'asar ba, a kan Windows ɗin da ofis gaba ɗaya ya dogara da ita.

Ga yadda abin yake. Ka kashe, ka sauya SATA zuwa virtio, ka kunna, ka jingina da kujera har da murmushi. Ɗige-ɗigen nan su ɗan juya. Sai allo ya yi shuɗi, ga INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Kwamfutar ta sake tashi da kanta, ɗige-ɗige, shuɗi. Ta sake. Murmushin bai samu damar sauka daga fuskarka ba, ga mutane sun fara taruwa a bayanka. Windows ba ta zuwa da direban virtio, ko ka taɓa ajiye shi ma yana can cikin faifan da ta kasa karantawa, tamkar mai ɗaki da ya kulle makullinsa a ciki. A nan ne akanta zai leƙo ya ce, "Malam, ka kashe ka kunna mana," alhali aikin da na'urar ke yi ke nan tun ɗazu ba tare da an roƙe ta ba. Maigadi kuma, Allah ya saka masa, zai ce, "Yallaɓai, ciro faifan ka hure shi, ƙura ce." Faifan da fayil ne kawai irin na qcow2, ta ina za a kama shi a hure?

Masana za su ce ai da hanya: a maƙala ƙaramin faifai na biyu ta virtio, a ɗora direba daga virtio-win na Fedora, sannan a sauya babban. Gaskiya ne, yana kuma aiki. Sai dai wannan bayani a waya ake karanta shi, da gumi, bayan allo ya riga ya yi shuɗi. Za su ƙara da cewa komawa SATA na gyara komai nan take. Shi ma gaskiya ne, kuma nan ne ciwon yake, domin komawar sai an kashe an kunna. Akanta dai har gobe shi ya gyara kwamfutar.